Damin Da Ya Fi Ƙanƙanta

Ranar da malamin kwamfuta ya ba mu aikin, ƙanshin sabuwar dawa na ji a hancina, alhali kuwa babu komai a ɗakin sai ƙarar fanka. Aikin mai sauƙi ne: mutum zai yi ta shigar da lambobi, kai kuma ka rubuta wa na'urar umarnin da za ta bi ta fito da mafi ƙanƙanta. Kafin sauran ɗalibai su gama tunani na gama. Ka riƙe ta farko, ka gwada ta da ta biyu, wadda ta fi ƙanƙanta ka riƙe, ka ci gaba har ƙarshe.

Bari in gaya maka inda na san wannan.

A ƙauyenmu kusa da Mairuwa, idan kaka ta yi aka ɗaure dawa, sai a jera dammuna goma goma a ƙofar rumbu, a fitar da ɗaya zakka. Kakana ba ya duba girma. Wanda sandarsa ta faɗa a kai, shi ke nan. Zakkar gidanmu kuwa wata tsohuwa makauniya ake kai wa a bayan masallaci, ba ta da ɗa ba ta da gona.

Shekarar da nake aji shida ƙafa ta kwantar da kakana. Ya kira ni ɗakinsa, warin man zafi ya cika ko'ina, ya ce, "Kai ka iya lissahi. Tahi ka hidda hakkin Allah."

Ni kuwa a lokacin ji nake babu mai wayona. Na tsaya gaban kowane jeri, na ɗaga na farko na ji nauyinsa, na ɗaga na biyu, wanda ya fi sauƙi na riƙe. Haka na bi su duka na tsamo ƙananan, har da wanda tsuntsaye suka sha. A zatona taimakon gidanmu nake yi. Da na kai wa tsohuwar, ta shafa dammunan ɗaya bayan ɗaya, hannunta ya ɗan tsaya, sannan ta ce, "Allah shi yi maka albarka, ɗan nan."

Ruwa bai sauka ba hatsinta ya ƙare. Ina zaune a zaure ta shigo da ƙwarya tana laluben bango, ta zo roƙon hatsi, abin da ba ta taɓa yi ba. Kakana ya sa aka cika mata, ya ce ta yi haƙuri, bana gonar ce ba ta yi kirki ba. Ina jin sa, ban buɗe baki ba. Har ya rasu ban buɗe ba, kuma kunyar tana nan yadda take.

Yanzu inji ke sussuka, a buhu ake zubawa, duk buhunan girmansu ɗaya. Ranar nan malamin kwamfuta ya duba aikina ya yaba, ya tambaye ni wa ya koya mini. Na ce ba kowa. Gaskiya na faɗa, babu wanda ya koya mini wannan a gidanmu.