Laujen Bahaguwa

Kakarmu Falmata ba ta fara tatsuniya sai an ɗaure awaki. A gidanmu na Gure, lokacin sanyi, da an idar da magariba takan hura wuta a tsakar gida ta ɗora butar shayinta, mu kuma mu kewaye ta kamar 'yan tsaki. Sai ta ƙwanƙwasa bayan ƙwarya sau biyu ta ce, "Baki ya kwanta, kunne ya tashi, ga ta nan tafe." In labari ya yi zafi Hausarta takan ƙare ta zarce da Barbarci, mu ko lura ba ma yi.

Yayana Ari ne kusa da ita kullum. Kunnensa na wurin Kaka, amma manyan yatsunsa na ta rawa a kan gwiwa, domin yininsa a shagon wasan tele na bakin kasuwa yake yi, inda babu yaron da ke kayar da shi. Kaka takan harare shi ta ce, "Kai Ari, ƙwarƙwata kake kashewa ne?"

Akwai wata tatsuniyarta da na raina ƙwarai. Wai wata yarinya ce bahaguwa ake aikenta yankan ciyawa a kwari. Kafin hantsi ƙawayenta sun cika buhunansu, ita kuwa har azahar ba ta kai rabi ba. Aka sa mata suna raguwa. Uwarta ta yi duka ta gaji, ta ɗaure mata hannun hagu don ta koyi aiki da dama, sai yarinya ta sare ƙaurinta. Wani tsohon maƙeri da ke wucewa ya tsaya ya ce a kwance ta, ya zauna yana kallon yadda take riƙe lauje. Da ya gama kallo ya karɓa, ya sa a wuta, ya juya masa baki. Kashegari ita ta fara cika buhu. Nan Kaka takan kurɓi shayi ta ce, "Shekara nawa ana dukan hannu, alhali laifin na ƙarfe ne." Na ce mata ni ban ji daɗinta ba, babu kura, babu aljani. Ta ce, "Ajiye ta dai, 'yar nan, ba ta ruɓewa."

Kaka ta daɗe da rasuwa. Ni na zama malamar lakwal, wato makarantar boko, Ari ya bi garken babanmu can wajen Kelle. A can ne igiyar gugan da raƙumi ke ja ta naɗe masa babban yatsan dama ta tafi da shi. Tun daga ranar hannun nan ya koma aljihun riga. Ko gaisawa zai yi da mutum, wuyan hannu yake miƙawa.

Da sallar layya ya zo gidana. Na riga na sa wa 'ya'yana tsofaffin wasannin telen nan a ordinater, wato kwamfuta, ta wata manhaja mai kwaikwayon injinan da. Ni da bakina ba linzami, na ce, "Yau za ku ga gwanin Gure," na danƙa masa manet, abin riƙewar nan mai maɓallai. Ban tuna ba cewa tsalle da harbi duk ƙarƙashin babban yatsan dama suke. Sau uku ɗan mutumin da yake sarrafawa a cikin wasan yana faɗawa rami. Yara suka fashe da dariya. Ya ajiye a hankali ya ce, "Tsufa ya zo," ya fita ko nama bai taɓa ba. Yakan shigo Gure ranar kasuwa, amma ya daina biyowa ta ƙofata. Na ji kunya, na ji haushin kaina, kuma na yi kewarsa.

Wata rana ina kallon manet ɗin sai maganar Kaka ta faɗo mini. Na buɗe saitin manhajar, ashe kowane maɓalli ana iya sauya masa aiki. Na mayar da tsalle kan maɓallin sama na dama, wanda manuniya ke dannawa, harbi na kai shi na sama na hagu. Manet uku gare mu, irin masu arha na kasuwa, kowace da halinta: abin da yake tsalle a baƙar, a farar tsayar da wasa yake yi. Sai da na bi su ɗaya bayan ɗaya, na adana kowane saiti da sunan Ari. Don in gwada, na ɗaure babban yatsana da tsumma, na yi ta faɗawa rami har na samo inda ya zauna.

Ranar kasuwa na tare shi a turken awaki na ja shi gida. Da ya ga manet ya ɗaure fuska ya ce, "Hadiza, ba ki gaji ba?"

Na ce, "Yaya, laifin na ƙarfe ne."

Ya dube ni, sannan ya fitar da hannun daga aljihu. Ya tsallake ramin farko, ya tsallake na biyu.

Da ina zaton tatsuniyar ta gwanintar maƙeri ce. Yanzu na gane kowa a garin zai iya kai laujen maƙera. Shi dai tsohon ne kaɗai ya zauna ya kalli hannun yarinyar tukuna. Ni ban kalli na ɗan'uwana ba sai da na kunyata shi. Da yammar nan, da Ari zai tafi, maigidana ya raka shi ƙofa, sai na hango ya miƙa masa tafin hannunsa a buɗe.