Ƙanwata Mai Ƙirgen Kifi

Mun tashi a Kura muna cin kifin teku, alhali babu wanda ya taɓa ganin teku a gidanmu. Mahaifiyarmu, wadda muke kira Inna, suyar kifi ce sana'arta, irin na ƙanƙara da ake kawowa daga Kano cikin kwali. Ruwan da muka sani bai wuce na kanal ɗin da ke shayar da gonakin shinkafa ba.

Ƙanwata ce ta fara ganin tekun. Ta karanci halittun ruwa a jami'a, ta samu aikin bincike a Legas. Wata shekara ta shafe makonni cikin jirgin ruwa tare da masana daga ƙasashe da dama, suna bin gaɓar Afirka ta Yamma suna auna yawan kifin da ya rage.

Ta dawo gida ana tsakiyar ɗibar tumatir, ta yi baƙi ta rame. Ina zaune a tsakar gida da laka a ƙafata, Inna tana wanke kifi a babbar roba, sai ta ɗaga ɗaya ta wutsiya ta nuna wa ƙanwata.

"Ke da kika je garinsu, gaya min, me ya sa suke ta ƙanƙancewa?"

Ƙanwata ta karɓa ta jujjuya shi. Ta ce wannan ko ƙwai bai taɓa yi ba aka kama shi. Ta ce kifi bai san iyakar ƙasa ba, in wannan ƙasa ta ƙyale shi waccan ta kwashe, aikin banza aka yi. Shi ya sa ita da masanan suka haɗu suka rubuta wa gwamnatoci shawara, a riƙa tsayar da kamu na wasu watanni har kifin ya hayayyafa.

Inna ta tsame hannunta daga ruwa. "To a watannin nan, ni in soya me?"

Tunda nake da ƙanwata ban taɓa ganin an ƙure ta haka ba.

Washegari ta ce, "Yaya, ɗauke ni a babur." Muka bi gidajen masu suya a Kura, muka ƙarasa Bunkure. Tana zama a tabarma tana tambaya tana rubutawa, ni ina jira a zaure. Wata dattijuwa ta ce mata da kaskon nan ta riƙe marayu huɗu.

Bayan wasu watanni ta kira ni daga wani taro a ƙasar waje. Ta ce ta miƙe ta yi maganar matan da ke nesa da teku amma abincinsu na cikinsa. Wani babban masani ya ce wannan ba huruminsu ba ne. Sai wata 'yar Senegal ta tashi ta mara mata baya, ashe ita ma uwarta bandar kifi take yi. Aka ƙara sakin layi guda a rahoton, cewa a tanadar wa irin waɗannan mata mafita kafin a tsayar da kamu.

Wasu ƙasashen sun amince, wasu har yau ana jan magana. Na kan tuna yadda mu manoman layin kanal ɗaya muke kasa shirya rabon ruwa tsakaninmu, sai in daina ganin laifin jinkirinsu.

Da na ba Inna labari, sai ta juya kifin da ke cikin mai.

"Allah Ya sa su karanta," ta ce.