Gammon da Na Naɗa wa Ɗan Tsere

Ni ban taɓa son mota mai gudu ba, har yau kuma ban fara ba. Na faɗa tun farko don kada wani ya karanta wannan ya ɗauka tsufa ya mayar da ni 'yar kallon tsere. Abin da ya haɗa ni da tseren motoci wuya ne, wuyan wani saurayi ɗan Italiya da muka zauna a bene ɗaya da shi a unguwar Sentul.

'Yata ce ta kawo ni Kuala Lumpur. Tana koyarwa a wata kwaleji, mijinta kullum yana kan hanya, ga goyo. Na baro ƙauyenmu na kan duwatsun Filato da niyyar in yi mata zaman jego in koma, sai zaman ya miƙe. A lokacin ban daɗe da shiga ajin koyon karatu na manya ba. Harufa suna ba ni wahala, lambobi ne kawai suka yarda da ni. Turancina kuwa na kasuwa ne, rabi baki rabi hannu.

Cefanen gidan ni na karɓe shi. In na je kasuwar Chow Kit na sayi shinkafa da busasshen kifi da manja a wajen 'yan ƙasarmu, sai in nannaɗe mayafina in yi gammo, in ɗora kayana a ka, in kama hanya. Haka na tashi na gani, ban san akwai abin kallo a ciki ba sai da na ga ana ɗaga waya ana ɗaukata. 'Yata ta ji haushi. Ta sayo min wani keken ja mai taya biyu, ta ce, "Mama, nan fa ba kasuwar Bukuru ba ce." Na ce mata na sani, ai a Bukuru mutane suna da aikin yi, ba sa tsayawa kallon tsohuwa. Amma maganar ta zauna min a ciki. In tana gida sai in ja keken, in ta fita in koma gammona.

Wata rana na dawo na tarar lif ya lalace. Na ɗora buhuna na shiga matakala. Ina cikin hawa sai ga wani Bature siriri yana saukowa a guje, gumi ya jiƙa shi sharkaf. Ya wuce ni, ya dawo, ya tsaya yana kallona baki buɗe. Na ce masa in hoto yake so ya tafi gidan namun daji. Bai gane ba. Ya ɗora hannu a ƙeyarsa, ya nuna tawa, ya ce wani abu da sauri. Na wuce na bar shi.

Da yamma sai ga shi a ƙofarmu da ledar lemo. 'Yata ta zauna tsakani tana fassara. Ya ce tuƙin tsere ne sana'arsa, irin motar nan mai kujera ɗaya wadda tayoyinta suke a waje. Akwai babban tseren da ake nunawa a talabijin, amma kafin a kai can sai an bi ƙananan azuzuwa ɗaya bayan ɗaya, shi kuma yana can ƙasa-ƙasa. Tun yana ƙarami ubansa, wanda makaniki ne, yake sa shi a ƙananan motocin yara. Ya yi tsere a ƙasarsu, wuri ya yi masa ƙunci, sai wata ƙungiya a nan ta ba shi kujerar direba.

Damuwarsa ita ce wuya. Ya ce in mota ta shiga kwana da wannan gudun, ji kake kamar wani ƙato yana tura kanka gefe, ga nauyin hular kwano, ga zafin ƙasar nan. A farkon tsere ba ya jin tsoron kowa. Amma in an kusa gamawa sai wuyan ya gaji, kai ya karkace, ido ya daina ganin inda za a sa taya, sai a yi ta wuce shi. Mai ƙungiyar ya gaya masa ƙiri-ƙiri: in hakan ta sake faruwa a tseren ƙarshe na shekara, kujerar ta zama ta wani. Yana jan roba da kai, yana rataya ƙarfe, duk abin da masu horarwa suka ce yana yi. Da ya gan ni a matakala ina juyawa da buhu a ka ba tare da na riƙe ba, sai ya ce ko zan koya masa.

Na tambaye shi ko uwarsa tana da rai. Ya ce tana nan. Na ce kuma ta bar ka kana wannan haukan? Ya yi dariya ya ce ranar tsere coci take tafiya, ba ta kallo. Na ce to aƙalla akwai mai hankali ɗaya a gidanku. Ka zo gobe da safe.

Da daro na fara masa, babu komai a ciki. Na koya masa naɗa gammo da tawul, ya yi wani abu kamar sheƙar kaza, na warware na sa ya sake. Da ya iya tafiya da daron sai na koma bokiti. Ya ɗauka cikakken bokiti ne zai ba shi wahala. Na ce a'a, rabi za mu zuba. Cikakken ruwa zaune yake, rabin bokiti ne yake rawa, ya ja ka dama ya ja ka hagu, a nan ake gane mai wuya. Ranar farko wanka ya yi da shi. Ruwa ya gangara matakala, wata tsohuwa 'yar Indiya da ke ƙasanmu ta fito tana faɗa. Da ta ga abin da ake yi sai ta koma ta ɗauko kujera. Mai gadi ma kullum sai ya leƙo ya ce masa "boleh lah", wato zai iya, sannan ya juya yana dariya.

Ban daɗe ba na gane matsalarsa. Ƙarfi yana da shi. Faɗa yake yi da kayan. Da ruwa ya motsa sai ya cije haƙora, ya ɗage kafaɗu har kusan kunne, ya sanƙare kamar an kafa turke. Wanda ya yi haka ba ya nisa. Na ɗauko ludayi na riƙa ƙwanƙwasa masa kafaɗa.

"Kai, ɗan nan, sauke su. Wa ya ce maka da kafaɗa ake ɗauka? Buɗe haƙora. Kai ne wannan ko kabewa aka soka a sanda?"

Da Hausa nake yi masa, kuma wallahi yana ganewa. Na nuna masa yadda ake barin ƙugu ya bi ruwan, yadda ake duba ƙasa da ido kawai ba da kai ba, yadda ake numfashi. Shi kuma sai ya zauna a kan matakala ya rufe ido, ya riƙe sitiyarin da babu shi, ya zagaya min filin tseren kaf daga cikin kansa, yana karkata, yana taka birki da ƙafa, yana kwaikwayon kukan inji da baki. Na ce masa in ya yi haka a ƙauyenmu za a kira masa fasto.

Abinci kuwa ba mu taɓa shiryawa ba. Na dafa masa gwate ya ci kamar tsuntsu, wai ana auna shi tare da motar. Shi ya dafa min taliyar ƙasarsu, na ce masa ya sauke ta ba ta nuna ba. Ya dafe ƙirji kamar na zagi kakarsa.

Akwai abin da ya kamata in faɗa a nan. Ni ban taɓa ɗaukar dakon kaya a matsayin iyawa ba. Babanmu ya tura 'yan'uwana maza makarantar mishan, ni aka ba ni kwanon sarki. Na ɗauki ƙasar kuza daga rami, na ɗauki itace, na ɗauki dankali zuwa bakin titi, ina wuce ajin da ake rera karatu da kaya a kaina. Da Hausa, abin da yake riƙe da kai wuya ne, abin da yake cin rai ma wuya ne, ni kuwa a wajena ba su taɓa rabuwa ba. Har na tsufa babu wanda ya taɓa cewa in koya masa. Sai ga yaron da aka haifa a wata duniya yana tsaye a gabana da tawul a hannu yana jiran in gyara masa. Yana kirana da wata kalma ta yarensu, na ɗauka wata irin mama ce. Da na tambayi 'yata ta duba, sai ta ce, "Malama yake ce miki." Na shiga kicin na yi ta wanke tukunyar da na riga na wanke.

Ranar tseren ta faɗo Lahadi. Na gaya wa matan zumunta na cocinmu ba zan zo sujada ba, su sa wani yaro a addu'a. Suka ce me ke damunsa? Na ce wuya. Suka ce wace iri? Na ce ku dai roƙa, Ubangiji ya san wadda nake nufi.

Ni da 'yata muka tafi filin tseren Sepang. Kafin a fara ya shigar da mu rumfar da makanikai suke aiki. Na ga motar, ƙasa-ƙasa, matsattsiya, mutum kwance yake a ciki ba zaune ba. Ban gaya masa akwatin gawa ta tuna min ba. Na ga mai ƙungiyar ma, wani gajeren mutum mai fuskar da ba ta nuna komai. Aka ɗaure yaron da maɗaurai, aka rufe masa fuska da hula, ido kawai ake gani. Na ɗaga masa kafaɗuna na sauke. Ya gyaɗa kai.

Ƙarar da suka yi da aka sake su, a haƙorana na ji ta. Da farko ban gane komai ba, launuka kawai suke wucewa. Amma lambar motarsa na sani, kuma akwai babban allo da yake jera lambobin, na gaba a sama. A nan karatuna ya yi min rana, ban tambayi kowa ba. Daga tsakiya ya tashi. Na ga lambarsa ta hau, ta sake hawa, sai ta tsaya. Rana kuwa kamar ta sauko ta zauna a kan kwalta.

Daga inda muke ana hango wata doguwar kwana. Da 'yata ta ce an kusa gamawa sai na bar allon na zuba wa kwanar ido. Wata mota ja ta manne masa a baya, tana leƙo ta dama tana leƙo ta hagu. Ya zo wucewa na ga hular ta ɗan kwanta. Na san wannan kwanciyar, na gan ta sau da yawa a matakala kafin ruwa ya zube. Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Sauke kafaɗa! Buɗe haƙora!"

Ko wanda yake kusa da ni bai ji ba, balle shi. 'Yata ta kamo min zane. Suka ɓace, suka sake zagayowa, jar motar tana nan a bayansa, ba a gabansa ba. Suka sake, haka dai. Hular tana karkacewa tana dawowa. Har aka kaɗa tuta babu wanda ya wuce shi.

Bai ci tseren ba. Bai ma shiga cikin waɗanda aka ɗora a dandamali aka ba su kofi ba, shi ne na bayansu. Ni kuma ba zan yi ƙarya in ce gammona ne ya yi aikin ba. Yaron ya ja robarsa, ya sha gudunsa a matakala, yana da zuciyarsa tun kafin ya san ni. Abin da ya gaya min kawai shi ne wuyan ya yi zafi kamar kullum, amma da zafin ya zo sai ya tuna bokiti, ya daina faɗa da shi.

A shekarar da ta biyo baya ya hau dandamalin nan har ya saba, aka kira shi aji na gaba a Turai, ya tattara ya tafi. Can abin bai yi masa daɗi ba. Masu ɗaukar nauyinsa suka janye, babban tseren da yake mafarki bai kai ba. Yanzu yana tuƙa motoci masu rufi a dogon tsere, yana kuma koyar da yara. In wani ya ce min kaico, sai in ce kaicon me? Mutum yana tafiya da ƙafafunsa biyu, yana cin abinci da abin da yake so.

Amma a ranar duk ba mu san wannan ba. Abin da muka sani shi ne mun koma rumfar muna jira. Ya fito daga motar da ƙyar, makanikai suna bubbuga masa baya, shi kuwa idonsa yana kan mai ƙungiyar. Mutumin ya gama kallon na'urarsa, ya cire abin kunnensa a hankali kamar babu mai jiransa. Ni har na fara shirya abin da zan gaya masa, da Turancina da hannuwana. Sai ya matso ya faɗa wa yaron wata 'yar gajeriyar magana, ya miƙa masa hannu.

'Yata ta raɗa min cewa ya ce ya je ya huta, kujerar tasa ce, za ma a gwada masa sabuwa kafin baɗi.

Yaron ya juyo ya rungume ni da rigar tserensa jiƙe da gumi, yana warin mai da ƙonanniyar taya. Na ture shi na ce ya je ya sha ruwa ya yi wanka, kada ya ɓata min atamfar Lahadi. Ya tafi. Na zauna a kan wata taya da aka jingine, tana da ɗumi har lokacin, na gode wa Ubangiji da yarenmu na gida, wanda babu mai ji a wurin sai ni da 'yata.