Mai Riƙe Igiya a Gonar Lao Chen

Zailani ɗan mafarauta ne daga Rano. Ɗaurin kaya yake yi a kasuwar Canaan da ke Guangzhou, amma duk Lahadi yana gonar wani dattijo, Lao Chen, mai kiwon karnukan tsere a bayan garin Guangzhou. Shekara shida Lao Chen bai taɓa haɗa karya da namiji ba sai Zailani ya shafa ƙirjinta, ya ce to.

Bana jami'an hukuma suka ce ba sauran barbara a gonar sai da sa hannun likitan dabbobi. Lao Chen ya ɗauko Izzuddeen, wani Bakano da ya yi karatun likitan dabbobi a nan.

Izzuddeen ya duba karyar da Zailani ya fi so, ya rubuta a bar ta ta huta shekara guda.

"Yaya Zailani, ɗan riƙe min igiyar."

"Likita, ka taɓa bin kare a daji kuwa?"

"A'a wallahi."

"Ai na gani."

Abin da ya fi ci wa Zailani rai, shi ma hutun zai ce, amma Lao Chen takardar Izzuddeen yake karantawa, bai tambaye shi ba. Tun ranar, in Zailani ya hango Izzuddeen a masallacin Juma'a, sahu yake canzawa.