Mota da Kyanwarta

Shekarar da gujiya ta yi albarka, bayan samun 'yancin kai, maigidana ya sayo tsohuwar mota daga Maraɗi. Rabin Tasawa sai da suka zo suka shafa ta. Da ita yake kwaso buhunan gujiya daga garin Maijirgi, in ya dawo a gajiye ya bar su su kwana a ciki.

Ba a jima ba ta fara halinta. Yau fitila ta mutu, gobe a yi ta murɗa mabuɗi ta ƙi ko tari. Maigida ya ce bakin mutane ne, ya rataya mata laya. Ni kuwa kullum na zo shara sai in tarar da ɓawon gujiya a ƙarƙashinta.

Na ce, "Malam, motarka na cin gujiya ne?"

Ya ce, "Ke, ina ruwan mace da mota?"

Na ce, "Da mota babu, amma na san aikin ɓera tun a rumbun babana."

Da ƙyar ya ɗaga murfin inji. Sai ga sheƙa ta tsumma, wayoyi duk an gaigaye, uwar ɓeraye na kallonsa kamar shi ne baƙo.

Mai gyara ya ɗaure wayoyi. Daga ranar kowace safiya maigida zai duba ruwa, ya duba mai, ya leƙa wayoyi, buhu kuma bai sake kwana a ciki ba. Kyanwata ta koma kwana kan kujerar gaba, wadda ni matarsa ban taɓa hawa ba.