Jan Layi

Iya, kakata ta wajen uba, ba ta yin tatsuniya a banza. In ta ce "ga ta nan tafe" bayan magariba a zangon Sokode, to akwai wanda take nufi da ita a gidan.

Ran da nake tunawa, ƙanena Mudi ne kwance a tabarma kusa da murhu, jikinsa ya fi garwashin zafi. Babanmu ya tafi da motar doya. Innarmu ta riga ta ɗauko zanen goyo za ta kai shi asibiti.

Iya ta ce, "Zauna, Hajara. Maigidana ba inda za shi. Na ba shi jiƙo, a bar jiƙo ya yi aikinsa."

Inna ta zauna a bakin turmi, zanen na hannunta. Iya ta dube ni ta fara, amma kowa ya san ba da ni take ba.

Wai wani aljani ne ya ƙwace zoben zinariyar wata mata, ya niƙe shi ya fi gari laushi, ya zuba a ƙwaryar ruwa. Ruwan ya koma ja. Ya ce in zoben bai dawo ba kafin ya komo, da ɗanta zai tafi. Matar ta tace da rariya, ta tace da mayafi, ta dama da yatsa, ba ta kama komai ba. Sai wata tsohuwa ta ce mata ta cire hannunta. Ƙwayoyin sun san juna, in ruwa ya kwanta ya bushe a hankali, da kansu za su jeru.

"Mai garaje," in ji Iya, "ita ke hana su haɗuwa."

Nan Mudi ya sandare, idonsa ya juye. Inna ta miƙe. Ta saɓa shi a baya ta ɗaure.

"Hajara, ban gama ba."

"Ki ƙarasa wa Ladi, Iya."

Ba ta ƙarasa min ba. Muka zauna ni da ita, wuta na mutuwa, ba wanda ya ƙara itace. Mudi yau direba ne, har da tumbi. Likita ya ce da an kwana da shi a gida, da wata maganar ake.

Ni sai da na aurar da 'yata ta fari na shiga ajin manya a Dapaong, ina rubuta harafi jikokin mutane na min dariya ta taga. Daga baya, da na shiga aikin lafiya na ƙauye, aka koya mana gwajin zazzaɓin sauro, wanda muke kira palu: ɗigon jini a ɗan farin faifai, a jira jan layi. Na tambayi malamar me ke yin jan. Ta ce zinariya ce, ƙwayoyi ƙanana da ido ba ya gani. In ta kai wannan ƙanƙanta ba ta zama rawaya, ja take komawa. Ta ce masu bincike kan bar ɗigon irinta ya bushe a hankali, sai ƙwayoyin su jeru sahu-sahu da kansu, in sun matsu launin ma ya sauya.

Nan na tuna tatsuniyar zoben. Ashe Iya ba ƙarya ta yi ba.

Amma har yau ban ba ta gaskiya duka ba. In na ɗiga jinin yaro a ƙauyukan yankin Naki da ke kusa da Dapaong, nakan naɗe hannuna, ba na taɓa faifan, ba na girgiza shi, ina jin muryarta. Da layin ya fito kuwa, ko wace kaka ce ta ce a dakata, sai in miƙa wa uwar zanenta in tare mata mai babur. Zinariya ake bari ta haɗa kanta. Yaro ɗaukarsa ake yi.