Sifilin da Ya Tsai da Famfo

Ba zan manta da ranar da tasbahata ta tsinke ba. Na idar da la'asar ke nan sai ƙullin zaren ya kwance, 'ya'yanta suka watse bisa siminti, tas-tas-tas, har ƙarƙashin gado.

Lokacin ɗiyata ta fari tana karatun kwamfuta. Ta haɗa wata 'yar na'ura da ke kunna famfon ban-ruwa ta kuma kashe shi, don gonar albasar babanta da ke shan ruwan dam ɗin Goronyo. Sai dai in na'urar ta nuna sunan gonar, takan bi shi da wasu baƙaƙe marasa kan gado, ta sandare, famfo ya yi ta zuba. Rabin irin albasarmu ya ruɓe a haka. Babanta ya ce in na'urar ta sake, ciro ta zai yi ya ba yara su yi wasa. Ɗiyar nan har abinci ta daina ci.

Tana taya ni tsintar 'ya'yan tasbahar sai ta tsaya cak da zaren a hannu.

"Mi yas same ki?" na ce.

"Inna, ƙulli na ban yi ba."

Ta jawo kwamfutarta ta nuna mini. Ashe na'urar harafi-harafi take karanta suna, ba ta tsayawa sai ta iske sifili a ƙarshe, kamar ƙullin tasbaha. Akwai umarnin da ake rubutawa mai raba wa kowane abu mazauninsa cikin ƙwaƙwalwarta. A nan ɗiyata ta auna wa sunan wuri daidai tsawon haruffansa, ba ta bar gurbin sifilin ba. Shi ya sa na'urar take zarcewa ta karanta kayan maƙwabta. Ɗiyata ta ƙara gurbi ɗaya, ta sa sifilin, ta je gona ta ɗora wa na'urar gyaran. Ni dai addu'a nake yi.

Washegari babanta ya dawo daga fadama da laka har gwiwa. Ya ce famfon ya tsaya da kansa, a gaban manoman Kagara da suka zo kallo don su yi dariya. Ya dube ta ya ce, "Injiniya, kawunki na Wurno ma shina son guda."

Tun ranar na gane cewa komai kyawun aiki, in ba a nuna masa inda zai tsaya ba, ɓarna zai yi. Da babanta ya fita, ta matso kusa da ni, idonta cike da hawaye, ta ce a hankali:

"Inna, kin ji sunan da Baba yak kira ni?"